Amf ɗin jitar bes mara nauyi, mai ƙarfi, kuma ba tsada: ga amsata

Tambayar ta zo ne daga wani ƙanenmu da yake kaɗa jitar bes a wata coci a Tumfure, nan Gombe. Ya ce amf ɗin da ke hannunsa, wato na'urar da ke ƙara wa jitarsa sauti, ƙarami ne mai wat 15, da zarar mai duram ya fara bugu shikenan ya daina jin kansa, kuma wani lokaci ana gayyatarsu biki Billiri ko Kaltungo, a mashin ko Keke yake ɗaukar kayansa, kuɗin hannunsa ma ba yawa. Yana son wanda ba nauyi, mai ƙarfi, mai daɗin sauti. Ya ƙara da cewa ya ga wani a shago an rubuta wat 2000 a kwalinsa kuma da araha, ko ya ɗauka?

To ƙanena, wannan na wat 2000 ɗin kam ka bar shi a inda ka gan shi. Haɗa sauti a taro da gyaran kayan sauti shi ne aikina, kuma abin da ya fi cinye kuɗin yaranmu masu kiɗa a banza shi ne wannan lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali. In ka duba da kyau za ka ga an rubuta PMPO a gefenta ko kuma ba a rubuta komai ba, wannan lambar talla ce kawai, ba ta da wani ma'auni tsayayye. Lambar da ake aiki da ita ita ce RMS, wato ƙarfin da amf zai iya riƙewa yana ta aiki ba tare da ya shaƙe ba. Ka juya bayansa ma ka duba wutar da yake ja, in abu yana jan wat 60 daga soket ta ina zai fitar maka da 2000?

Bari in fara da dalilin da ya sa bes yake da cin wuta, don in ka gane wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi. Babbar tsirkiyar jitarka, wato E, tana kaɗawa sau 41 ne a daƙiƙa ɗaya, ta jita ta yau da kullum kuma sau 82, in mai tsirkiya biyar ce da kai to B ɗin nan tana sauka har wajen 31. Sauti mai zurfi irin wannan ba ya fita sai an tura iska mai yawa, kuma kunnen ɗan adam ba ya kama shi da sauri kamar yadda yake kama siririn sauti, shi ya sa mai lid, wato mai jita ta yau da kullum, da amf ɗinsa na wat 30 zai cika ɗaki kai kuma da wat 30 ɗin ko layin farko ba za su ji ka ba. Shi ya sa kuma nake roƙonka kar ka taɓa jona bes a amf ɗin lid ka ƙure shi, sifikarsa ba a yi ta don wannan tafiyar ba, za ta yage.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba, in ka ninka wat sau biyu ƙarar ba ta ninkuwa sau biyu. Daga wat 100 zuwa 200 ƙarin desibel 3 ne kawai a ma'aunin ƙara, za ka ji ya ɗan ƙaru amma ba wani can ba. Kafin kunne ya ce maka ƙara ta ninku sai ka ninka wat wajen sau goma. To ka ga wanda ya ƙara kuɗi masu yawa don ya tashi daga 100 zuwa 150 da sifika iri ɗaya kusan bai sayi komai ba. Abin da ke tura iskar ita ce sifika da akwatin da take ciki, nan ne ya kamata idonka ya fi zama. Sifika mai inci 8 ta koyo ce a ɗaki. Mai inci 10 guda ɗaya za ta yi maka atisaye in mai duram ɗinku yana da sanyin hannu. Mai inci 12 ita ce tsaka-tsaki kuma ita nake nuna wa yawancin masu irin buƙatarka. Mai 15 tana da cika amma akwatinta babba ne, a bayan mashin wahala ce. Inci 10 guda biyu a akwati ɗaya sun fi 12 guda ɗaya faɗin takardar da ke tura iska, kuma sautinsu yana fita tsaf, sai dai kuɗinsu ya ɗan hau.

Maganar nauyi kuma, ka gode wa Allah ka zo a zamani mai kyau. Ampeg SVT da aka fito da shi a 1969, wat 300 ne, amma kansa kaɗai ban da sifiku ya kusa kilo 40, wato saura kaɗan ya kamo buhun siminti, ga kuma akwatinsa mai sifika takwas. Abin da ke sa tsofaffin amf nauyi shi ne ƙatuwar taransifoma ta ƙarfe da tagulla da ke ciki da kuma babban maganaɗisun sifika. Na yanzu da ake kira Class D ba su da wannan taransifomar, ba sa ɓarnar wuta ta zama zafi sosai, shi ya sa za ka ga Trace Elliot ELF wat 200 amma bai kai kilo ɗaya ba, a aljihun jakar jita ake sa shi. Wasu sifikun kuma ana musu maganaɗisun neodymium wanda ƙarami ne amma da ƙarfi, su ma suna rage nauyi sai dai suna ƙara kuɗi. Kar wani ya ruɗe ka da cewa wai amf in ba nauyi ba ƙarfi, wannan maganar da ce.

Amma zan gaya maka gaskiyar da mai shago ba zai gaya maka ba. Class D in ya ƙone gyaransa a nan wajenmu da wuya. Tsohon amf mai taransifoma kowane mai gyara da ya san aikinsa zai canza masa taransisto ko ya sake naɗa waya ya tashi, shi kuwa wannan allonsa ƙananan kaya ne manne da juna, sau da yawa sai dai a canza allon gaba ɗaya, a yi odarsa daga Legas ko waje, ka zauna jira. Wannan ba dalilin ƙin sayensa ba ne, ni dai har yanzu shi nake ba ka shawara saboda bayanka da kuɗin Keke, amma dalili ne na cewa kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin amf, kar ka raba su a lissafi.

Yanzu ga wanda zan ce ka nema. Kombo, wato amf da sifika a akwati ɗaya, wat 100 na RMS, sifika inci 12, kuma lallai lallai yana da mafitar DI a baya, ramin nan mai ƙafa uku irin na makirfo da ake kira XLR. Wanda ya fi shahara a wannan ajin shi ne Fender Rumble 100, nauyinsa wajen kilo 10 ne, da hannu ɗaya za ka ɗauka, jitarka tana rataye a baya. Ampeg Rocket Bass RB-112 shi ma wat 100 ne da inci 12, ya ɗan fi shi nauyi kaɗan, sautinsa yana da ɗumi irin na gidan Ampeg. Hartke HD75 wat 75 ne da inci 12, takardar sifikarsa rabi alminiyom ce shi ya sa yake da kaifi, masu son sulaf, wato dukan tsirkiya da babban yatsa, suna jin daɗinsa, amma ya fi waɗancan nauyi sosai, ka ɗaga shi da hannunka, ka kuma duba ko yana da XLR ɗin, kafin ka yanke shawara. Akwai Peavey MAX da Laney ma da suke yawo a kasuwar gwanjo, in ka samu mai lafiya ba laifi. In kuɗin bai kai ba, Rumble 40 mai inci 10 wajen kilo 8 ne kuma shi ma yana da XLR, wanda ƙannensa 15 da 25 ba su da shi, don haka kar ka sauka ƙasa da 40 ɗin, gara ka ƙara haƙuri ka tara. In kuma Allah ya buɗa, Rumble 500 mai inci 10 guda biyu bai wuce kilo 17 ba, sai dai ka sani shi kaɗai wat 350 yake bayarwa, 500 ɗin sai ka ƙara masa wani akwatin sifika mai om 8, om ɗin nan ma'auni ne na yadda sifika take tirje wa wutar amf. Markbass na Italiya kam suna da kyau ƙwarai amma ba su cikin maganar araha. Farashi duk yana bin dala, don haka ka tambayi wuri uku a mako ɗaya kafin ka tura wa kowa kuɗi.

Me ya sa na nace a kan DI ɗin nan? Saboda shi ne yake raba ka da sayen ƙaton amf. Cocinku tana da miksa da manyan sifiku, masu biki ma suna hayar kayan sauti. Ka ja kebul ɗaya daga bayan amf ɗinka zuwa miksa, manyan sifikun su ɗauki nauyin jama'a, naka kuma ya zama na jin kanka da mai duram da mai kibod. A filin biki a Kaltungo inda ba bango ba rufi, ko wat 300 ne da kai iska za ta shanye shi, don bango da kusurwa su ne suke taimakon bes a cikin ɗaki, a fili babu su. To maimakon ka sayi abin da zai yi faɗa da fili ka kasa ɗauka, ka sayi wanda zai yi magana da miksa. In ka jona ka ji wani gurnani "huuum" yana fita, akwai ɗan maɓalli kusa da ramin an rubuta Ground Lift, danna shi, yawanci shikenan. Kuma ka yi zumunci da mai miksa, ka je da wuri ku gwada tare, don rabin sautinka a hannunsa yake.

Akwai wata hanyar ma ta masu ƙaramin ƙarfi wadda ba a cika faɗa ba. In cocinku tana da sifika mai amf a ciki, irin mai inci 12 ko 15 da ake ajiyewa a gaban mawaƙa, za ka iya sayen ɗan fedal na bes kawai, kamar Behringer BDI21 wanda yake da XLR ɗinsa, ko Zoom B1 Four, ka shiga miksa da shi a dawo maka da sautinka ta wannan sifikar. Ba zai yi daɗin amf na gaske a bayanka ba, kuma ranar da aka je inda ba kayan sauti ka shiga uku, amma zai riƙe ka kafin kuɗi su taru.

In kuma ka zaɓi ka raba, wato kan amf daban akwatin sifika daban, kamar TC Electronic BQ250 ko BAM200 ko ELF ɗin da na ambata, to dole ka san lissafin om. Yawancinsu an rubuta mafi ƙaranci om 4. Akwati ɗaya mai om 8 lafiya lau, sai dai ba zai ba ka cikakken wat ɗin da aka rubuta ba, wajen rabi ko sama da haka kaɗan za ka samu. Biyu masu om 8 in ka haɗa sun zama 4, daidai kenan. Biyu masu om 4 sun zama 2, wannan kuma kashe amf ne. Kebul ɗin da zai tafi daga kan zuwa akwatin ma na sifika ne mai kauri, ba irin na jita ba ko da bakinsu iri ɗaya ne, na jita siririn waya ne a ciki, zai yi zafi ya jawo maka asara. Amfanin rabawar shi ne za ka iya sa kafinta mai hankali ya haɗa maka akwati a nan gida ka sayi sifika mai kyau ka saka, amma fa akwatin bes ba a yin sa da ka, girman cikinsa da ramin iskarsa lissafi ne da ya danganta da sifikar, in aka yi shi yadda aka ga dama sai ka ji yana ta buu buu ba a gane wace tsirkiya ka taɓa. Ga wanda yake farawa, kombo ya fi kwanciyar hankali.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi kawo min amf a mace. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan gwanjo da yawa daga Amurka suke zuwa, kuma amf da yawa an yi su ne don wutar ƙasa ɗaya kawai. Kafin ka jona komai ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta take shiga. In ka ga 100 zuwa 240 to ko'ina yana yi. In ka ga 220 zuwa 240 namu ne. In ka ga 120 kaɗai, daƙiƙa ɗaya a soket ɗinmu ta isa ta gama da shi, sai da taransifomar rage wuta, ita kuma nauyi ce da ka gudu ta dawo maka, kuma wata rana wani yaro zai taimaka maka da haɗa kaya ya jona kai tsaye. Ni dai shawarata ka haƙura da mai 120 komai arharsa. Janareta kuma, a tayar da shi ya daidaita tukuna kafin ka kunna amf, kuma in ka ji ya fara tari, alamar mai zai ƙare, ka yi maza ka kashe naka, wannan hawa da saukar ita ce take cin allo. Amf shi ne na ƙarshe a kunnawa, shi ne na farko a kashewa. Kar ka raba soket ɗaya da firiza ko abin dafa ruwa a gidan biki.

In na hannu za ka saya, ko a nan Gombe ko a Sabon Gari ta Kano ko wani zai duba maka a Alaba ta Legas, ka tafi da jitarka da kebul ɗinka, in wani ka aika to ya zama mai kaɗa bes ne ba mai ganin kyan kwali ba. Ka sa duk maɓallan gyaran sauti a tsakiya, ka ɗaga ƙara zuwa inda za ka yi aiki da ita da gaske, ka bugi E a sake da ƙarfi ka saurara, in ka ji karkarwa ko wani "prrr" kamar takarda ta yage to ko sifika ta gaji ko akwatin ya saki. Ka kashe shi ka ɗan tura takardar sifikar a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarta in ana iya kaiwa gare ta, ya kamata ta shiga ta dawo shiru, in tana gogawa to koyil ɗinta ya taɓa ƙonewa. Ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, wannan kam ƙura ce yawanci, ana wankewa, sai dai ka nemi ragi da ita. Ka shinshina ta ramin iska, ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Ka duba kusoshin baya ko an sha kwance su, ka leƙa ko sifikar ciki ita ce ta asali don ana cire mai kyau a sa ta banza. Ka gwada XLR ɗin a miksa. Kuma ka bar shi a kunne kana kaɗawa kamar minti 20 ko 30, don wani amf ɗin sai ya yi zafi yake nuna halinsa, ya yanke ya dawo. Mai kayan da ya ƙi yarda a yi wannan gwajin ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce.

Daɗin sauti kuma, a nan ne nake so ka saurare ni da kyau don yawancin abin da yaranmu suke kira rashin ƙarfi ba rashin ƙarfi ba ne. Za ka ga mutum ya ƙure Bass, ya ƙure Treble, ya kashe na tsakiya, in shi kaɗai ne a ɗaki sautin yana da daɗi sosai, amma da an fara waƙa sai ya ɓace, ya ƙara ƙara, amf ya shaƙe, ya ce amf ɗin ne ba kyau. Can ƙasa inda ka ƙure ɗin nan babbar gangar ƙafa tana wurin, hannun hagun mai kibod ma yana wurin, ku uku kuna kokawa a wuri ɗaya, kuma wannan zurfin shi ne ya fi shan wat. Inda kunne yake gane bes yana tsakiya ne, daga kaɗawa wajen sau 250 zuwa 800 a daƙiƙa. To ka mayar da Bass tsakiya ko ma ka ɗan rage, ka ɗaga Low Mid kaɗan, za ka ji ka fito fili ba tare da ka taɓa ƙara ba. A Rumble akwai maɓallin Contour, shi aikinsa rage tsakiyar ne, ka bar shi a kashe in kuna tare da jama'a. Ka kuma roƙi mai kibod ɗinku cikin ladabi ya sassauta hannun hagu, wannan wurin naka ne. Gain ka ɗaga shi daidai inda in ka buga da ƙarfi ba ya fashewa, sauran ƙarar ka nema a Master.

Gine-ginenmu ma suna da nasu hali, rufin kwano da tayil ko siminti a ƙasa da bango ba labule, bes yana taruwa ya yi ta gurnani. In ka ji haka ka janye amf daga kusurwa, ka ɗora shi a kan kujera ko ka ɗan karkata shi ya kalli kunnenka, don in yana ƙasa dab da ƙafarka gwiwoyinka yake yi wa kiɗa, kai ba ka ji, na layin gaba kuma ƙarar ta ishe su. A fili kuma akasin haka, ka bar shi a ƙasa, in akwai bango ka matsa kusa da shi.

Kafin ka kashe ko sisi ma ka duba jitar kanta. Tsirkiyar da ta shekara tana shan gumi da ƙura ba amf ɗin da zai sa ta yi haske, ka canza, kuma ka riƙa goge ta da tsumma bayan kowane kiɗa. In jitarka mai batir ce, batirin bolt 9 in ya yi sanyi sauti yana fashewa kamar sifika ta mutu, kuma in ka bar kebul a jone a jikinta yana shan batirin ko ba ka kaɗawa, ka riƙa zarewa.

In ka saya, ka kai wa tela ko mai ɗinkin kujerar mashin ya ɗinka masa riga da leda mai kauri da ɗan soso a ciki, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina da kuma gargadar hanya. A Keke ka zaunar da shi a kujera ba a ƙasa ba, fuskar sifika tana kallon jikinka ko majingina. A zafin Maris da Afrilu kar ka bar shi cikin rana a filin biki, ka nema masa inuwar rumfa, kuma kar ka manna bayansa da bango ko ka ɗora masa jaka a inda iska take fita. Ka turo min hoton bayan duk wanda ka samu, inda aka rubuta bolt da wat da om, in duba maka kafin ka biya.